Wa Ya Kawo Mai Saye? Tarihin Rabon La'ada Daga Kasuwannin Umbadda Zuwa Tallar Intanet

Gabatarwa

Duk inda aka yi ciniki ta hannun wani, akwai tambayar da ba ta rasa tasowa bayan an ƙirga kuɗi: wa ya kawo mai saye? Amsarta ita ke nuna wanda zai karɓi la'ada. A kasuwar shanu dillalai kan yi sa-in-sa a kanta, a tashar mota kuma 'yan kamasho har ba hammata iska suke yi saboda fasinja guda. A yau wannan tambaya ce ake raba biliyoyin dalolin tallar intanet a kanta. A ƙaddara mutum ya ga tallar wata manhaja a Facebook ranar Litinin, ya nemi sunanta a Google ranar Laraba, sa'an nan ya sauke ta a wayarsa ranar Juma'a bayan abokinsa ya yaba masa ita. Wace talla za a ce ita ta yi aikin?

Wannan maƙala ta bi tarihin amsoshin da aka ba wannan tambaya. An yi amfani da kalmomi biyu a cikinta. Bahaushe kan ce "ciniki ya faɗa" idan mai saye da mai sayarwa suka daidaita, saboda haka "faɗuwar ciniki" a nan tana nufin duk abin da mai talla yake fatan a yi, ko sayen kaya a shafinsa, ko rajista, ko sauke manhajarsa. "Jingina ciniki" kuwa shi ne hukuncin da ake yankewa cewa talla kaza ce ta kawo shi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, an fi jingina ciniki ga wanda aka iya rubuta sunansa, ko da ba shi ne ya jawo shi ba, kuma mai riƙe da littafin rubutun shi ke da rinjaye wajen rabo.

Umbadda da Kasuwanninta

Umbadda tana yammacin Umdurman, kuma ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na Jihar Hartum a Sudan. Ta cika ta batse musamman bayan farin 1984 zuwa 1985, lokacin da ɗimbin mutanen Kordofan da Darfur suka rasa dabbobinsu suka yada zango a bakin birni. Hausawa suna cikin mazaunan wannan yanki, kuma zamansu a Sudan ya daɗe. Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai su. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga irin waɗannan garuruwa zuriyarsu ta bazu zuwa Hartum da Umdurman, suna noma da fatauci da ƙananan sana'o'i.

Kasuwanni biyu suka fi fito da sunan yammacin Umdurman. Ta farko ita ce Kasuwar Libiya da ke Umbadda, babbar kasuwar sari wadda ta samo sunanta daga kayan da ake shigowa da su daga Libiya, kuma 'yan kasuwa daga Darfur da Chadi sukan yi sari a cikinta. Ta biyu ita ce kasuwar dabbobi ta Muwailih, inda shanu da tumaki da raƙuman yammacin ƙasar ke ƙarewa kafin a yanka ko a fitar da su waje.

Dabbar da ta iso Muwailih ta riga ta bi ta hannaye da yawa. Akwai masu shiga ƙauyuka da rugage suna saye ɗaiɗai, akwai masu tarawa a kasuwannin karkara, akwai manyan fatake. A tsakaninsu akwai dillalan da ake kira sabbaba, kalmar da ta fito daga tushen Larabci guda da kalmar "musabbabi" ta Hausa. Akwai kuma damin, wato mai lamuni, wanda ke tsayawa shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce, ya karɓi ɗan abin da al'ada ta yanka masa a kan kowace kai. Sunan sabbaba kansa ya ɗauki da'awar da duk wani mai talla ke yi, cewa shi ne sanadin ciniki.

La'ada a Al'ada da Shari'a

Kalmar "dillali" daga Larabci take, inda take nufin mai nuna hanya ko mai shelar kaya. "La'ada" ma daga can take, asalinta al-ada, wato al'ada. Ma'anar ta nuna cewa abin da dillali ke karɓa ba a sake cinikinsa kowace rana. Kasuwa ta riga ta san shi.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a 1962 da 1963, ya kuma wallafa littafinsa a kansu a 1969. Ya bayyana yadda falke ke kawo shanu daga Arewa ya sauka a gidan mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya haɗa shi da dillalansa, ya kuma tsaya masa idan aka ba mahauta shanun bashi. A wannan tsari kowane garke yana ƙarƙashin gida sananne, kuma kowane dillali an san gidan da yake yi wa aiki. Gardamar wanda ya kawo mai saye tana raguwa ne saboda ƙa'idar ta riga cinikin, kuma ana yin sa a idon mutanen da gobe ma za su haɗu a wuri guda. Dillalin da ciniki ya faɗa a hannunsa shi ke karɓa, kuma kunya da zaman tare kan sa ya ba wanda ya taimaka masa na goro.

Malaman fiƙihu ma sun tattauna batun. A mazhabar Malikiyya, wadda Hausawa da mafi yawan mutanen Sudan ke bi, akwai babin ji'ala, wato a yi alkawarin lada a kan kammala wani aiki, wanda bai kammala ba kuwa a asali ba shi da komai. Wani malamin Malikiyya na Tunisiya a ƙarni na 10, Abul Abbas al-Ibyani, yana da littafi sukutum a kan matsalolin dillalai. Kotunan Ingila kuma sun daɗe suna tambayar ko wakilin da ke neman kamasho shi ne ainihin sanadin cinikin, ko kuwa gabatarwa kawai ya yi. Ke nan tun kafin kwamfuta an san amsoshi biyu masu karo da juna: a ba wanda ya rufe ciniki, ko a ba wanda ya jawo shi.

Zamanin Jarida da Takardar Rangwame

Da talla ta koma jarida da allon bakin hanya, sai shaidu suka ɓace. Mai sabulu ya biya jaridu biyar, ciniki ya ƙaru, amma babu wanda ya ga ƙafar da ta kawo mai saye. Akwai wani ƙorafi sananne da ake jingina wa John Wanamaker, mai manyan kantuna a Filadelfiya ta Amurka, wanda ya rasu a 1922, cewa rabin kuɗin tallarsa asara ne amma ya kasa gane wane rabin. A Ingila ana jingina wannan magana ga William Lever, mai kamfanin sabulun da ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC mai sayen gyaɗar Kano.

Masu sayar da kaya ta gidan waya su suka fara samo dabara. Sai su sa adireshi guda a kowace jarida amma da lambar sashe dabam, ko su buga takardar rangwame mai alama wadda mai saye zai yanko ya aiko. Idan wasiƙu suka iso, alamar ta faɗi jaridar da ta kawo su. Claude Hopkins ya tattara wannan hanya a littafinsa na 1923 a kan tallar da ake aunawa. Dabarar ta yi amfani, sai dai tana da giɓi. Matar da ta ga talla sau huɗu a wata mujalla, ta yanko takardar daga ta biyar, ta biyar ɗin kaɗai aka rubuta wa. Wannan giɓi ne intanet ta gada.

Kuki da Dannawar Ƙarshe

Abubuwa biyu suka faru a 1994. A watan Oktoba mujallar intanet ta HotWired ta fara ɗora tallar da ake dannawa, ciki har da ta kamfanin AT&T. A shekarar kuma Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape, ya ƙirƙiro kuki. Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafi ke ajiyewa a cikin kwamfutar mai ziyara domin ya gane shi idan ya dawo, kamar fentin da ake shafa wa sa a kasuwa a san wanda ya saye shi. Idan mutum ya danna talla, sai a ajiye masa kuki mai ɗauke da sunan tallar da lokacin. Idan ya biya kuɗin kaya, wani ɗigon hoto marar ganuwa da ke shafin kammala ciniki sai ya karanta kukin ya aika rahoto.

Nan da nan aka gina kasuwa a kan wannan. A 1996 Amazon ta buɗe tsarin da masu shafuka ke turo mata masu saye su karɓi la'ada, kuma ƙa'idar da ta shahara da ita ita ce mai saye ya sa kaya a kwando cikin awa 24 da dannawa. A 1998 kamfanin GoTo na Bill Gross ya fara sayar da gurbi a sakamakon bincike, ana biya a kan kowace dannawa. Google ta buɗe AdWords a 2000. A 2005 ta sayi kamfanin Urchin ta mayar da manhajarsa Google Analytics, ta kuma ba da ita kyauta. Haruffan utm da ake gani a wutsiyar adireshin shafuka har yau daga sunan Urchin suka fito, kuma aikinsu ɗaya ne da lambar sashen da ake sa wa a jarida.

Ƙa'idar da ta yi rinjaye ita ce ta dannawar ƙarshe: tallar da aka danna daga ƙarshe kafin ciniki ya faɗa ita ke kwashe la'adar duka, muddin ba a wuce wa'adi ba, wanda sau da yawa kwana 30 ne. An karɓe ta saboda sauƙin lissafi da ƙarancin gardama. Amma ta fifita wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Tallar bidiyo ko ta allo kan sa wa mutum sha'awar kaya, shi kuwa idan ya tashi saye sai ya rubuta sunan kayan a injin bincike ya danna abin da ya fara gani. A littafi, injin binciken ne ya kawo shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙa'idar ta kuma buɗe ƙofar zamba. Tun da kuki ake dubawa, sai wasu suka riƙa cusa kukinsu a kwamfutocin mutanen da ba su danna komai ba. Duk wanda ya je ya yi sayayya daga baya, la'ada ta zo musu. Shawn Hogan, wanda ya kasance babban mai turo wa eBay masu saye, ya karɓi kusan dala miliyan 28 daga kamfanin, kuma a 2014 wata kotun Amurka ta ɗaure shi wata biyar a kan irin wannan aiki.

Raba La'ada Tsakanin Dillalai Da Yawa

Kamfanonin da ke sayar da tallar allo su suka fi jin ciwon dannawar ƙarshe, su ne kuma suka fi neman a sauya ta. A 2007 Google ta amince ta sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1, Microsoft kuma ta sayi aQuantive a kan kimanin dala biliyan 6, kuma duka biyun masu riƙe da bayanan wanda ya ga wace talla ne. A 2011 Google ta fara nuna wa masu talla dukan matakan da mai saye ya bi. Daga nan aka samu ƙa'idojin rabo iri-iri. Wata ta ba tallar farko komai. Wata ta raba daidai wa daida. Wata ta fifita na kusa da ranar ciniki, ƙimar talla tana raguwa da rabi duk bayan kwana 7. Wata kuma ta ba ta farko kashi 40 cikin ɗari, ta ƙarshe kashi 40, na tsakiya su raba 20. Babu ɗaya daga cikinsu da aka samo ta hanyar gwaji. Sulhu ne irin na dattawan kasuwa, sai dai an rubuta shi da alƙaluma.

Mataki na gaba ya ɗauko lissafin Lloyd Shapley, masanin Amurka da ya wallafa hanyarsa a 1953, ya kuma sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012. Tambayarsa ita ce yadda za a raba riba tsakanin waɗanda suka yi aiki tare. A ƙaddara tallar rediyo ita kaɗai tana kawo masu saye 10, ta jarida ita kaɗai tana kawo 20, idan an haɗa su kuma suna kawo 40. In rediyo ta fara shiga, gudummawarta 10 ce. In ta zo bayan jarida, ta ƙara 20. Matsakaicinta 15 ke nan. Jarida kuma 20 ne da 30, matsakaicinta 25. Jimla ta koma 40. A kan irin wannan tunani aka gina rabon da kwamfuta ke yi ta hanyar kwatanta hanyoyin waɗanda suka saya da na waɗanda ba su saya ba. Google ta mayar da shi zaɓin farko a 2021, kuma a 2023 ta cire waɗancan ƙa'idoji huɗu, ta bar shi da dannawar ƙarshe kawai. Mai talla yana ganin sakamakon rabon, amma lissafin yana cikin gidan mai sayar masa da tallar.

Gwajin eBay

Duk waɗannan ƙa'idoji suna raba la'ada ne tsakanin tallace-tallacen da mai saye ya ci karo da su. Ba sa tambayar ko da ma zai saya ko babu talla. A 2012 masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka gwada wannan a eBay. Kamfanin ya daina biyan tallar da ke fitowa idan mutum ya rubuta sunan eBay a injinan bincike na Yahoo da Microsoft. Kusan dukan masu ziyarar suka ci gaba da zuwa ta hanyar sakamakon kyauta da ke ƙasa da tallar. Sa'an nan aka dakatar da sauran tallar bincike a wasu yankunan Amurka aka bar ta a wasu. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Econometrica a 2015 ya nuna tallar tana tasiri a kan sababbin masu saye da waɗanda ba su cika zuwa ba, amma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne a kan tsofaffin abokan ciniki, har ya zamana a dunƙule asara ake yi.

Misalin wannan shi ne yaron da aka ba takardun talla ya raba a gari, sai ya tsaya a ƙofar shagon yana miƙa wa masu shiga. Kowane mai saye zai iso da takarda a hannu, littafi kuma zai nuna yaron ya fi kowa ƙoƙari. Hanyar gano gaskiya ita ce a keɓe wasu mutane a hana su ganin tallar, a kwatanta su da waɗanda suka gani. Bambancin da ke tsakani shi ne aikin tallar.

Wayar Hannu da Sababbin Alƙalai

Da Apple da Google suka buɗe rumbunan manhajojinsu a 2008, sai kuki ya gaza. Mutum yana danna talla a cikin wata manhaja, ya wuce rumbu, ya sauke sabuwa, kuma kuki ba ya bin sa a wannan tafiya. Aka koma ga lambar waya ta talla. Apple ta fito da tata mai suna IDFA a 2012, Google ta biyo baya da tata a 2013. Kamfanin talla yana rubuta lambar wayar da ta danna, manhajar kuma tana aika lambar wayar da ta buɗe ta karon farko. In lambobin suka dace a cikin wa'adi, an sami wanda za a biya.

Da yake kamfanonin talla da yawa kan yi da'awar mutum guda, sai aka sami masu shiga tsakani irin su AppsFlyer da Kochava, waɗanda aka kafa a 2011, da Adjust ta Jamus a 2012. Matsayinsu ya yi kama da na damin a Muwailih, wato wanda ɓangarori suka yarda da shaidarsa. Amma manya irin su Facebook da Google ba sa miƙa bayanan dannawarsu gaba ɗaya. Ana sanar da su cewa waya kaza ta sauke manhaja, su duba littafinsu su ce tasu ce ko ba tasu ba. Kowannensu kuma da wa'adinsa. Shekaru da dama Facebook tana ƙirga cinikin da ya faɗa cikin kwana 28 da dannawa, ko kwana guda da ganin talla ko ba a danna ba, sai a 2021 ta rage na dannawa zuwa kwana 7. Shi ya sa mai talla kan haɗa rahotannin kamfanoni ya tarar jimlar cinikin da suke da'awa ta fi abin da ya shiga aljihunsa.

Zamba ma ta sauya kama. Wasu sukan aika miliyoyin dannawar ƙarya da lambobin wayoyin mutane, da fatan wani daga cikinsu zai sauke manhajar don kansa. Wasu kuma sukan ɓoye a cikin wata manhaja a wayar Android, da zarar sun ji ana sauke sabuwa sai su aika dannawa kafin a buɗe ta, su zama na ƙarshe. A 2017 Uber ta kai kamfanin tallar Fetch ƙara a kan zargin an biya kuɗin saukewar da ba talla ce ta kawo ta ba. Kevin Frisch, wanda ya riƙe wannan sashe a Uber, ya bayyana daga baya cewa sun dakatar da kimanin dala miliyan 100 daga cikin miliyan 150 da suke kashewa a shekara, kuma yawan masu sauke manhajar bai sauya sosai ba.

Lokacin da Aka Rufe Littafin

Duk wannan tsari ya dogara ne a kan bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi, abin da jama'a da hukumomi suka fara ƙi. A 2017 Apple ta fara toshe kukin bin sawu a Safari. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 2023. Babban sauyi ya zo ranar 26 ga Afrilu 2021, lokacin da Apple ta wajabta wa kowace manhaja ta nemi izinin mai waya kafin ta karanta IDFA, kuma mafi yawan mutane ba su ba da izinin ba. A madadinsa Apple ta ba da tsarin SKAdNetwork, inda wayar da kanta ke yanke hukuncin tallar da ta yi nasara, ta aika rahoto bayan aƙalla awa 24, babu lambar mutum, kuma a wancan lokaci abin da ya yi a cikin manhajar ana taƙaita shi da lamba guda daga 0 zuwa 63. A Fabrairun 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya ce sauyin zai rage masa kimanin dala biliyan 10 a shekarar.

Sirrin mai waya ya ƙaru, amma alƙalanci ya koma hannun Apple, wadda ita ma tana sayar da talla a rumbunta. A Maris 2025 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci ta tarar yuro miliyan 150 a kan yadda ta aiwatar da tsarin neman izinin. Google kuwa ta yi alkawari a 2020 za ta cire kukin bin sawu daga Chrome, ta yi ta ɗagawa, daga bisani ta janye a 2024.

Inda Kuki Bai Kai Ba

Sudan ta bi wata hanya dabam. Takunkumin da Amurka ta sa mata a 1997, wanda aka ɗage mafi yawansa a Oktoban 2017, ya raba bankunanta da katunan biyan kuɗi na duniya, kuma sai a Disamban 2020 aka cire ta daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tallafa wa ta'addanci. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da hanya mai sauƙi ta biyan Facebook ko Google kuɗin talla, ba shi kuma da shafin da ake biya da kati. Duk da haka cinikin intanet ya bunƙasa. Mai bincike Griet Steel ta wallafa nazari a 2017 a kan matan Hartum da ke sayar da tufafi da turare da kayan kwalliya daga gidajensu ta Facebook da WhatsApp.

A irin wannan ciniki ana ganin kaya a zauren Facebook, a yi tayi a WhatsApp, a biya hannu da hannu ko ta manhajar Bankak ta Bankin Hartum, a turo hoton shaidar biya. Babu kuki ko lambar talla da ke haɗa waɗannan matakai. Mai kaya yana sanin wanda ya kawo mai saye ne ta hanyar tambaya, ko ta wadda ta ɗauki hoton kayansa ta tallata a nata zauren ta zo da oda, ta karɓi abin da aka yi alkawari. Haka abin yake ga ɗimbin masu sayar da atamfa da turaren wuta a Kano da Maraɗi. Dillanci ne irin na da, wayar ce kawai sabuwa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ragargaza kasuwannin Umdurman. Umbadda ta daɗe a hannun dakarun RSF, kuma sai a ƙarshen Maris 2025 sojojin Sudan suka sanar da karɓe Kasuwar Libiya. Da tsabar kuɗi ta yi wuya, Bankak ta zama hanyar da mutane ke saye da karɓar taimakon 'yan'uwa, kuma katsewar layukan sadarwa a Fabrairun 2024 ta sa da yawa suka koma biyan masu na'urar Starlink domin su aika kuɗi. 'Yan kasuwar da suka watse zuwa wasu garuruwa sun bar rumfunansu, abin da suka tafi da shi shi ne lambobin abokan ciniki da sanin wanda ke turo wa.

Kammalawa

Daga sabbaba na Muwailih zuwa SKAdNetwork, an gwada hanyoyi uku: a ba wanda ya rufe ciniki, a raba tsakanin duk waɗanda suka taɓa shi, ko a yi gwaji a ga abin da zai faru idan babu tallar. Ta farko ta fi sauƙi kuma ta fi jawo zamba. Ta biyu ta fi kama da adalci, amma ta dogara da cikar littafi da amanar mai riƙe da shi. Ta uku ita ce ke amsa tambayar sanadi, sai dai tana buƙatar mai talla ya yarda ya rufe tallarsa na ɗan lokaci a wani wuri. Mai sayar da kaya a Umbadda ko Kantin Kwari ba ya buƙatar manhaja kafin ya yi wannan. Yana iya daina tallata kaya a wani zaure na mako biyu, ya bar sauran yadda suke, ya rubuta cinikin kowace rana, sa'an nan ya duba ko littafinsa ya ji rashin.